Ƙwaryar Malam Bawa da Darasin Tsiro

Har yau ban manta da ranar da Malam Bawa ya shigo ajina riƙe da ƙwarya wadda babu komai a cikinta ba. Duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ina malamin aji huɗu a wata firamare kusa da Gangara. Wata ƙungiya ta ba mu kwamfutocin hannu da solar caji. Akwai shafin intanet da aka tara darussa. Malami ya sauke darasi, ya koyar yadda aka tsara, ya ɗauki bidiyo ya ɗora. Makarantar da ba ta ɗora ba, a kwashe kayan a kai wata. Da yake sabis ba ya kamawa a ƙauyen, sai in hau babur zuwa Sabon Birni in sauke. Ban ƙi shafin ba, don a nan yarana suka fara ganin teku.

Daminar shekarar ta zo da gardama. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ya ɗauke, ta ƙone. Aka koma aka yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa. Yayyafi ya tsirar da ita, rana ta kashe. Mai sauran iri ya ɓoye shi ya zuba wa sama ido.

Ana cikin haka, a watan Yuli, darasin da ya zo mana shi ne yadda iri ke tsira. Shafin ya ce kowane ɗalibi ya zo da gwangwani da iri, a jiƙa, a jira. Na yanke cewa gwangwani ɗaya zai ishe mu, in kawo gero daga gidana. Sai ga Malam Bashar, jami'in da ƙungiyar ke turowa daga Sakkwato duba aiki, mutumin da ko gaisuwa yake yi idonsa na kan waya. Na gaya masa shirina.

Ya ce, "Shafi cewa ya yi kowane ɗalibi. Kai ka rubuta darasin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya rubuta bai san mutanen ga sun yi shuka biyu sun rasa ba."

Ya wuce ni ya tsaya gaban yara, ya ce wanda gwangwaninsa ya fi cika shi zai riƙe kwamfuta a bidiyo. Na kai ƙara wurin hedimasta, ya ce in rufa masa asiri kada a kwashe kaya. Na koma na ja wa yara kunne cewa 'yan ƙwayoyi sun isa, kuma a tambayi iyaye. Amma ina maganata ina alkawarin baƙo mai mota?

Washegari gwangwanaye suka iso a jiƙe tun daga gida. Na Hadiza da ƙannenta biyu, 'ya'yan Malam Bawa da ke zaune duk a ajina saboda ƙarancin malamai, manyan gwangwanayen tumatir ne cike maƙil. Na tambaya, suka ce an ba su.

Ranar ɗaukar bidiyo tagar da muka jera gwangwanayen ta yi kore shar. Malam Bashar ya jera yara, ya ba Hadiza kwamfuta, ya ce a yi murmushi. Nan Malam Bawa ya yi sallama, riƙe da ƙwaryar da yake ajiye iri, babu komai a ciki. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi gwangwanayen, ya dube ni.

Ya ce, "Malam, wanga shi ɗai ya rage man. Irin mahaifina ne, mai saurin nuna. In ruwa ya dawo, mi za ni shukawa?"

Gero ya riga ya tsira a cunkushe, saiwoyi sun sarƙe, ba mai mayar da shi iri. Hadiza ta fara kuka. Shi kuwa Malam Bashar ya ɗago daga waya ya ce, "Baba, ɗan matsa gefe, kana shiga hoto."

Ban san sanda na sa hannu na rufe wayar ba. Na gaya masa maganganun da ba a gaya wa na gaba, kuma ban janye ko ɗaya ba. Ya jira Malam Bawa ya fita, ya sa aka share wa yarinya hawaye, ya ɗauki bidiyonsa da kansa.

Ruwa ya dawo a ƙarshen watan. Ni da maƙwabta muka haɗa masa geron da muka samu, mai jinkiri ne, damina ta ɗauke bai kai ga nuna ba. Kafin kaka ya kwashi iyalinsa suka tafi ci-rani, yaran ba su sake zama ajina ba.

Ku da kuka fara aikin nan yanzu, ku yi amfani da shafukan, akwai alheri a ciki. Amma wanda ya tsara darasi bai san abin da ke rumbun iyayen yaranku ba, ku kuka sani, kuma ku za a zo wa da ƙwarya. Bidiyon nan an sa shi a shafin a matsayin darasin koyi, malamai na ta saukewa. Hadiza na ciki riƙe da kwamfuta, tana murmushin da aka ce ta yi.