Ranar da Akwatin Nasara Ya Riƙe Zambona

Wautata tana da yawa, amma wadda ta fi duka ita ce ranar da na zagi mutum a cikin mazurari. Ban sha komai ba, aljanu ba su hau ni ba. Da hankalina, da alwalata ta azahar, na durƙusa gaban wani mazurarin ƙarfe na zuba masa abin da ya kusa raba ni da gonata. Na ce bari in rubuta tun hannuna yana riƙe alƙalami, ko da yake karatuna na allo bai wuce izu biyu ba, boko kuwa da furfura na tsince shi, shi ya sa baƙaƙena suke tafiya kamar awaki sun hango dawa.

Gidanmu gidan makaɗan noma ne a Matamaye. In an kira gayya mu ke bin manoma da ganga, mu zuga jarumi, rago kuwa mu yi masa zambo. Baffana, wan ubana, shi ne sarkin makaɗa, kuma tun ina koyo ya kafa mini doka: zambo ba a kama suna. Ka faɗi tsayin mutum, ka faɗi tafiyarsa da abin da ya aikata, sunansa dai ya tsaya a cikinka. Wanda ya yi fushi shi ya amsa, gari ya ce ashe shi ne. Mai wayo dariya yake yi tare da mutane, ya haɗiye, kwana biyu iska ta tafi da waƙar.

Lokacin Nasara bai daɗe da zama Damagaram ba. Kumandansu ya ajiye mana gardi ɗaya, wato ɗan sandan Nasara, dogo, mai jar hula da bulalar dorina. Shi ke nuna waɗanda za a kai aikin hanya, aikin dole. Wanda bakin bulalar nan ya nuna, sai ya yi wata biyu ko uku ba a gan shi ba, in damina ta same shi can, gonarsa ta zama ta ciyawa. Ni kuwa shekarar nan matata tana da tsohon ciki, rumbu ya kusa ƙasa, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Kuma duk gari ya san gardin nan ya je Dawce ya kwashe kajin wata tsohuwa, goggon matata. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Ana nan sai ga wani Nasara daban, siriri mai tabarau, da tafintansa da raƙumi ɗauke da akwatuna. Bai zo haraji ba, bai zo ƙidaya ba. Waƙa ya zo nema. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa akwatinsa haɗiye murya yake yi, wanda ya yi waƙa ciki bebe zai tashi. Nan take tari ya kama Baffa. Sauran makaɗa kowa ya tuna yana da aiki a bayan gari. Ni da son a sani ya yi wa yawa na rataya ganga na ce ko akwatin kura ne sai na ga haƙoransa.

A gindin tsamiyar bariki aka ajiye shi. Akwati ne na katako, da mazurari babba a gaba, a ciki da wani abu kamar guntun gora na kakin zuma yana juyawa, allura tana bin bayansa. Tafinta ya ce in matso in sa baki, in yi wadda na fi so.

Na duba dama, na duba hagu, gardi ba ya nan, an aike shi Kance da takarda. Sai shaiɗan ya raɗa mini: Nasara ba ya jin Hausa, mazurari ba shi da kunne. Tafintan da ke tsaye kusa da ni kuwa, wallahi na manta Bahaushe ne. Na buga ganga na ɗauka:

Wani dogo, cikinsa akurki,
Ya shiga Dawce rana tsaka,
Kaji bakwai sun raka shi ba su komo ba,
Zakara ya kai ƙara, aka haɗa da shi.

Na ƙara baiti a kan tafiyarsa, na ƙara a kan yadda yake sakace da tsinken tsintsiyar mutane. Na gama ina jin kaina sarkin duniya. Nasara ya taɓa wani abu, ya murɗa hannun akwati. Sai na ji ganga. Sai na ji wani mutum mai muryar agwagwa yana cewa wani dogo, cikinsa akurki. Har tarin da na yi a tsakiya bai bari ba.

Ban zama bebe ba, amma na yi fatan da na zama.

Tafinta, da yake Mushe yake kiran Nasaran, ya share hawayen dariya ya ce, “Makaɗi, Mushe ya ce duk tafiyar nan bai ɗauki mai daɗin wannan ba. Gobe kasuwa, zai sa ta a ƙofar mai gari kowa ya ji.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, a taimaka a goge.”

“Ka taɓa ganin an maida nono cikin hantsa?”

Na iske matata tana daka. Ban kai ƙarshen labari ba ta jingina taɓarya.

“Sannu, jarumi. Maza duk sun yi tari, kai kaɗai maƙogwaronka ke da lafiya.”

“Ai don goggonki na yi.”

“Goggo ta aike ka? Kajin za su fito daga akwatin? In aka kai ka hanya, da cikin nan zan bi kunya ina shuka?”

Na ɗaure tsummana a buzu, na ce ta Ɗan Barto zan bi in tsallaka ƙasar Ingilishi, in an kwana biyu in dawo. Ina saka takalmi sai ga Baffa, tarinsa ya warke sarai. Ya zauna a kan turmi ya dube ni.

“Kai ɗan nan, ka kama suna?”

“A'a, Baffa.”

“Ka ce jar hula? Ka ce bulala?”

“Ban ce ba.”

“To kwance buzun nan. Wanda ya yi fushi ya amsa, wanda ya gudu ma ya amsa. In ka gudu ka kama masa suna da ƙafarka, kuma matarka za a bar wa shi. Gobe ka sa rigarka ta Salla ka zauna gaba.”

Da hantsi ƙofar mai gari ta cika, har mutanen Icirnawa da suka zo da jakuna sun bar kayansu. Na zauna gaba cikin rigar Salla. Gardi ya dawo daga Kance. Kakin nan ba ya son rana, saboda haka Nasara ya nemi mai tsawo ya riƙe wa akwati laima. Duk taron nan wa ya fi tsawo? Da na ga an miƙa masa laima sai na fara karanta duk abin da na sani cikin izu biyun nan.

Aka murɗa. Muryar agwagwa ta fito ƙarƙashin hammatarsa.

Ban taɓa jin kasuwa ta yi shiru irin na ran nan ba. Mai gari ya ja rawani ya rufe baki. Wani mahauci ya cusa hannun riga a baki yana cizo. Wata mai fura ta duƙa kamar tana neman ludayi, kafaɗunta suna rawa.

Nasara ya ga fuskokin mutane, ya yi wa tafinta magana. Tafinta ya ɗaga murya.

“Mushe yana tambaya, da wa ake a waƙar nan?”

Sai tafinta ya juya wajen gardi, fuskarsa kamar ta liman.

“Kai da kake zaga ƙauyuka, ka san wani dogo mai cin kajin talakawa? Mushe ya ce in akwai shi, zai gaya wa kumandan in ya koma.”

Ko Mushe ya faɗi haka, ko tafinta ya ƙara gishiri, Allah kaɗai ya sani. Gardi ya dube ni. Na dubi ƙasa. Sai ya ce, “Ban san shi ba. Waƙar makaɗa ce kawai.” Ya kuma yi dariya, irin ƙarar ƙyauren da ya daɗe ba a buɗe ba.

Kamar an kwance bakin salka, kasuwa ta fashe. Mai fura ta zauna daɓas a ƙasa. Nasara ya ji daɗi ya tafa yana cewa “ankor”, wai a sake. Sau uku aka sake, gardi yana riƙe da laima, yana dariya duk inda aka zo kan zakara.

Nasara ya tafi da akwatinsa, ni aka bar ni da gardi. Bayan kwana takwas aka tara maza don aikin hanya. Ya biyo layi da bulala, ya zo kaina ya tsaya. Na ji numfashinsa a goshina. Gari duk ya zuba ido, shi ma ya san in ya nuna ni za a ce ashe shi ne, maganar kuma tana iya kaiwa Damagaram. Bulala ta wuce. Ta sauka kan wasu, ban manta ba, har da abokina da muka yi kaciya tare, ni na shuka masa rabin gonarsa. Amma ƙarya nake in na ce ban yi ajiyar zuciya ba. Ruwa ya sauka ran Talata, na yi shuka, gero yana kai gwiwa matata ta haifi mace.

Daga baya fatake suka zo da garmaho daga Kano, bayan shekaru rediyo ya shigo gari, yanzu har akwai mai nuna mutum da motsinsa. Duk ran da rediyo ya ce ga waƙoƙin da, sai in kasa kunne, ko agwagwar nan za ta fito. Ba ta taɓa fitowa ba. Ni dai tun ran nan ban ƙara yin zambo gaban abin da ya fi ni faɗin baki ba.

Gardin kuwa da kaka aka ɗauke shi daga garinmu. Ran da zai tafi muka yi kaciɓis a hanyar Icirnawa, ina ɗauke da damin gero, shi yana kan doki, ba kowa sai mu biyu. Ya ja linzami. Na ce yau bulalar da na tsallake ta same ni. Sai ya dube ni ya ce:

“Makaɗi, kajin huɗu ne. Zakaran kuwa tsohuwar da kanta ta ba ni.”