Ɗanyen barkono da gardin Nasara

Iska ta karya mini barkonon bayan ɗaki, duk kore shar. Zan zubar ke nan, Gwaggo Hajo ta riƙe hannuna.

"Kai, ba a zubarwa! Daka shi da gishiri da albasa."

Ta ce zamanin Faransawa, wajen 1920, wani gardi, dogarin Nasara, ya saba faɗowa gidan kakarta a Gangara daidai lokacin tuwo. Rannan kakar ta ajiye masa dakakken ɗanyen barkono.

"Wannan koren fa, Inna?"

"Bai nuna ba, ranka ya daɗe, ina zai samu yaji?"

Ya cika bakinsa da shi. Da kuka ya hau raƙuminsa, bai sake dawowa ba.

Ni ma ina da maƙwabci mai gaisuwar magariba. Jama'a, in daka masa?