Gashin Bakina da Harshen Ɗiyata

Shekarar da ruwa ya ƙi mu a Unguwar Lalle, gero na fitowa yana ƙonewa, ɗiyata ta fari ta cika shekara huɗu ba ta magana. Ba kurma ba ce. Ka aike ta buta, ta ɗauko; ka yi mata tsawa, ta yi fushi har la'asar. Amma in ta buɗe baki, sai leɓe ya yi gabas, harshe ya yi yamma, abin da zai fito ko ita ba shi ta nufa ba.

Inna, mahaifiyata, ta yanke hukunci: linzami ne ya ɗaure harshen, wanzami zai zo ya tsaga ƙarƙashinsa. Ni kuwa na taɓa ganin yaron da aka yi wa haka, ko koko ya daɗe bai haɗiya ba, maganar ma bai yi ba. Tsoro ya kama ni. Ranar kasuwar Sabon Birni na ɗora yarinyar a babur na kai ta asibiti a ɓoye.

Can muka dace da wata malama daga Sakkwato mai koya wa yara irinta magana. Ta leƙa bakin, ta ce harshe lafiya lau. Maganar tana nan cikin kai, hanyar da za ta bi ta iso baki ce ba ta fito ba, sai an yi ta takawa kamar turbar gona. Kalma kaɗan, maimaici da yawa, a hankali, tana kallon bakin mai koya mata. Mu fara da "a'a" da "Baba". Uwarta na wuni a layin rijiya, ni ne fari ya bari ba aikin yi, don haka ni ne malamin. Sai malamar ta ƙare mini kallo.

"To malam, ina bakin naka yake?"

Ina da gashin baki a lokacin, tun ina saurayi nake kiwonsa, har riga ni shan fura yake yi.

"In ba ta ga leɓenka ba, mi za ta kwaikwaya? Ciyawa?"

Ranar da wanzami ya zo, kafin a kamo yarinya na yi maza na zauna gabansa na ce da ni zai fara. Ya kwashe gashin tas. Inna ta yi salati, ta ce na koma kamar sabuwar ƙwarya. Ɗiyar da na yi dominta kuwa ta kasa gane ni, ta ruga ƙarƙashin rumbu tana ihu. Cikin wannan hargitsi na roƙi Inna ta ba ni lokaci zuwa zagayowar wanzami ta gaba, ta yarda.

Muka shiga aiki. Kullum ina tsugune gindin rumbun da ba ko zangarniya ciki, hannunta a haɓata, na wage baki ina "aaa". Masu dawowa daga roƙon ruwa suka leƙo ta darni suka ce fari ya taɓa mini kai. Akuyarmu ta fi kowa hazaƙa, ita ke fara amsawa. "Baba" ya ƙi fir. "A'a" yakan leƙo yau, gobe ya ɓace.

Wanzami ya dawo. Ya buɗe zabira, ya wasa aska, Inna ta riƙe yarinya a cinya.

"Buɗe baki, 'yag ga," in ji shi.

Yarinyar ba ta dubi askar ba, bakina ta duba. Na wage shi ba sauti. Haɓarta ta sauka tana rawa, ta koma, ta sake sauka.

"A... 'a."

"Mi tac ce?" wanzami ya tambaya.

"Kurma kake?" Inna ta daka masa tsawa. "Cewa tay yi a'a! Naɗe kayanka ka tahi."

Ta juyo da yarinyar. "Sake hwaɗi in ji, ƙawata."

Sautin bai sake fitowa ba. Leɓe ya yi ta laluben hanya, idanu suka cika da ƙwalla. Na matso zan taimaka, Inna ta ture ni. Ta sauko ƙasa, ta kama ɗan hannun yarinyar ta ɗora a tata haɓar.

"Dubi nan. Nau bakin ba gashi, ba haure ko guda, babu abin da za shi tsare miki."

Ta wage shi iya wagewa. Ni kuwa na zagaya bayan rumbu na yi kukana.