Buhun Shinkafar da Ba Shi da Rasit

Har gobe ban manta da wata Talata ta watan Nuwamba ba, ranar da aka kira ni aiki Lyon. Ku da kuka shigo tafintanci kwanan nan ku buɗe kunne, irin wannan ba a koyar da shi a kwas. Lokacin na yi shekara tara ina fassara Hausa da Faransanci a kotunan Paris. Lyon ba su sami mai jin Hausa ba, sai magatakardar kotun iyali ta bugo mini waya, na hau jirgin ƙasa na safe.

Shari'ar kuɗin ciyar da yara ce. Mijin zan kira shi Malam Isufu, matar kuma Rakiya, ba sunayensu na gaskiya ba ne. Shi mutumin Maradi ne, yana da ɗan shagon kayan abinci a unguwar Belleville ta Paris. Bayan sun rabu, ita ta koma Lyon da yara uku, tana aikin shara a ofisoshi. Shekara biyu ke nan.

Ga yadda ake lissafin a nan ƙasar. Akwai jadawalin da hukuma ta fitar. Ana duba abin da uba yake samu a wata, a cire masa ɗan abin da mutum zai rayu da shi. A cikin ragowar ake yanka wa kowane yaro kasonsa, gwargwadon yawan yaran da kuma yawan kwanan da suke yi a wurin uban. Jadawalin jagora ne kawai, alƙali yana iya hawa ko sauka. Kuma ba a zaure ake zama ba, a ofishin alƙali ne, ƙofa a rufe.

Lauyar Rakiya ta fara magana. Ta ce shekara biyu uban nan bai ba da ko sisi ba, don haka a ɗora masa kuɗin tun daga ranar rabuwa. Na fassara masa kalma da kalma, haka aikin yake. Da an ɗora masa wannan, shagon ya tafi. Amma ba shagon ya fara ambata ba.

"Hajiya, ki gaya wa alƙaliya," ya ce da ni, "duk wata ina aika buhun shinkafa, da mai, da gero, da nama. Kar a rubuta a takarda cewa ban ciyar da ɗiyana ba. Wata rana za su karanta."

Alƙaliyar dattijuwa ce, ba ta da gaggawa. Ta tambaye shi ina rasit. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Rasit? Abin da na ba ɗiyana su ci shi zan yanka wa rasit?"

Na san gaskiya yake faɗi, don ni ma a gidan da na tashi a Damagaram babu uban da ke ajiye shaidar abin da ya shigo da shi gida, abin kunya ne. Amma tafinta ba shaida ba ce. Ba ni da ikon ƙara ko da "a'a" ɗaya. Na fassara abin da ya faɗa kawai.

Lauyar ta ce babu shaida, babu magana. Na juya wannan ma zuwa Hausa, don dole kowa ya ji duk abin da ake faɗa a kansa. Sai Rakiya, wadda tun shigowarmu ba ta ɗaga kai ba, ta taɓa hannuna.

"Hajiya, me aka rubuta a kan baban yara?"

Na nemi izini na karanta mata layin a takardar lauyarta, inda aka ce bai ba da ko sisi ba. Ta yi salati.

"Ni an tambaye ni ko yana aiko kuɗi, na ce a'a, kuma bai aiko ba. Amma abinci bai taɓa yankewa ba. Motar 'yan kasuwa ke kawowa duk farkon wata. Har takalman makaranta yana sakowa a cikin kwali. Mun rabu, kuma ina da abin da nake jin haushinsa a kai, amma ba zan ci wannan ba."

Lauyarta ta ja ta gefe tana nuna mata abin da za ta rasa. Kuɗi ne masu kauri ga mai aikin shara. Rakiya ta ce ta ji, a bar shi.

Abin da alƙaliyar ta yi ya burge ni. Ba ta yar da jadawalin ba, ba ta kuma bauta masa ba. Ta ɗauki biro tana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya: buhu nawa, mai lita nawa, sau nawa yake zuwa ganin yara. Ta bayyana wa Malam Isufu cewa shinkafa ba ta biyan haya ko kuɗin abincin makaranta, dole a sami abin da zai riƙa shiga hannun uwar duk wata. Ya ce ya yarda. Ta ce hukunci zai same su ta gidan waya.

Bayan wata biyu na shiga Belleville cefane, sai ga Malam Isufu ya fito daga shago da takardar hukuncin a ambulan. An yanka masa kuɗin wata-wata daga nan gaba, ba a ɗora masa na baya ba. Wannan ya riga ya sani. Layi ɗaya yake so in fassara masa, inda aka rubuta cewa uwar ta tabbatar uban ya ci gaba da ciyar da yaransa tun rabuwarsu. Na karanta, ya ce in sake.

Abin da na koya shi ne, in ka fassara wa mai ƙara abin da aka rubuta da sunansa, ka yi rabin aikin adalci. Da na ga Rakiya ta yi shiru na ce ba ruwanta da maganar lauyoyi, da ta tafi gida da kuɗin da ba ta so, shi kuma da sunan da bai cancanta ba. Don haka ku fassara komai, ga kowa, ko da bai tambaya ba.