Igiyar Rijiyar Garagumsa

Ni na zare lakilen motar, gara in faɗa da bakina. Mota ta mutu, ana jan ta da igiya, sai na ce a raina makulli ba shi da sauran aiki a jikinta, bari in ɗauki hoto da shi in nuna a lakwal, makarantarmu, idan an dawo daga hutu. Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa sitiyari kullewa yake yi idan an zare shi.

Motar ta yayana ce. Ja ce, mai kujera biyu, ga ta ƙasa-ƙasa kamar an taka kwano. Idan ka zauna a ciki, akuya ma daga sama take kallonka. A Maraɗi ya saye ta, ni na raka shi ɗaukowa. Sati guda kafin mu tafi ya cika 'yan fadarsu, abokan shan shayinsa na ƙofar gidanmu, da labarin cewa tun daga bakin gari za su ji rurinta, kuma kaza ba za ta sake ƙetare titinmu da rai ba.

Muna wuce Takieta ta yi tari biyu ta yi shiru. Yaya ya buɗe gabanta ya daɗe yana kallon inji kamar mai karatun Faransanci a juye. Can wata tsohuwar bas ta kaya ta tsaya, cike da buhunan dawa, ƙofarta ɗaure da waya. Direban, wani dattijo mai goro a kunci, ya yarda ya ja mu. Yaya ya kafa sharaɗi ɗaya: a kwance mu a garejin bakin gari, kada ɗan fada ko ɗaya ya gan shi a bayan igiya. Washegari idan an gyara zai shiga da rurinsa.

Haka muka kama hanya. Yaya ya sa baƙin tabarau, ya jingina gwiwar hannu a taga, yana ɗaga wa masu amalanke hannu kamar shi yake tura bas ɗin. Yana gyara gashin baki a madubi na zare lakile.

Da muka zo kwana, bas ta karkata, mu kuwa muka miƙe. Yaya yana kokawa da sitiyari yana salati, igiya ta tsinke, muka shige gonar hatsi har sai da ganye ya rufe mu.

Mai gonar tsoho ne, ɗan Garagumsa. Bai yi faɗa ba. Ya zagaya motar sau biyu da hauyarsa a kafaɗa, sannan ya tambayi direban ko idan ta girma za ta iya ɗaukar buhu. Yaya ya shiga yi masa bayanin gudun da take yi a awa guda. Tsohon ya ce ai ya gani, ta share masa kunya bakwai ta hatsi cikin ƙiftawar ido.

Igiyarmu ta zama guntaye, don haka tsohon ya aika aka kwanto igiyar rijiyarsu. Da kansa ya ɗaura ta, irin ƙullin da ake yi wa sa mai faɗa, ya kuma ja wa direban kunne, da yake sun san juna, cewa a dawo masa da ita yadda take, don da ita unguwarsu ke shan ruwa. Ni kuwa na mayar da lakile wurinsa, na sha ranƙwashi, na koma kallon taga.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne ƙullin nan ƙara cijewa yake yi da ja. Da muka iso garejin bakin gari, ga shi a rufe, bakaniken ya tafi ɗaurin aure. Yaya ya durƙusa da farar shaddarsa, ya gwada da farce, ya gwada da lakile, har da haƙori. Ya ce a kawo wuƙa.

Direban ya tofar da goro. "Alhaji ƙarami, ka yanka motarka in kana so. Igiyar nan amana ce."

"Baba, don Allah. Mutuncina."

"To shiga ka riƙe shi da kyau, tafiya za mu yi."

Direban ya ce a ƙofar shagonsa akwai yaron da ya iya kwance irin ƙullin, shagon kuma sai an bi ta titinmu. Igiyar rijiya doguwa ce, saboda haka bas ta wuce fada da daɗewa kafin mu bayyana a hankali, ba ruri, ba tari, sai ƙarar karan hatsi da muke ja a ƙarƙashi. Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Wani ya tambayi Yaya, cikin ladabi sosai, ko ya samu ruwa a rijiyar. Kaji biyu suka ƙetare gabanmu ba tare da sun yi sauri ba.

An kwance ƙullin bayan la'asar, igiya ta koma Garagumsa lafiya. Motar ba ta sake tashi ba, bayan damina Yaya ya sayar wa masu kayan gyara.