Kabo da Geron Surukinsa

Da sunan Allah, wanda ya san abin da ke cikin kowane buhu tun ba a kwance bakinsa ba.

Duk wanda ya bi ta tashar Ajingi yanzu zai ga wani mutum a gindin darbejiya, bayan rumfar Kolo mai faci, ya miƙe ƙafa ɗaya wadda ba ta lanƙwasuwa, yana yanka tsofaffin tayoyi. Takalma yake fitarwa, da igiyar ɗaure kaya, da kwanon ruwan dabbobi. Kabo kenan. Yaran yanzu ba su ma san ya taɓa riƙe sitiyari ba.

Ɗan Gafasa ne, ɗan manoma. Ya daɗe yana tuƙa motar mutane kafin Allah ya ba shi tasa, wata tsohuwar akori-kura fara. Yadda uwa ke duba jariri haka yake duba motar nan. Da ya dawo daga sallar asuba sai ya buɗe gabanta, ya zaro sandar baƙin mai ya goge a tsumma ya mayar ya sake zarowa, ya leƙa ruwan lagireto, ya taka birki ya ji. Sannan ya zo kan tayoyi. Yana da wani guntun ƙarfe, sai ya ƙwanƙwasa kowacce ya kasa kunne, wai mai iska daidai tana amsawa, wadda ta sace kuwa sai ta yi gum. Ya bi da tsinke yana cire tsakuwa daga tsagun. Wai akwai rubutu a gefen kowace taya da ke faɗin nauyin da za ta iya ɗauka da shekarar da aka yi ta. Shi bokonsa bai kai nan ba, Kolo ne ke karanta masa, amma bai taɓa sayen taya ba a karanta masa ba, ko da kuwa an shafe ta da baƙi tana ƙyalli.

To a wajenmu ba a ɗora kayan mota a sikeli. Buhu ake ƙirgawa. Buhun gyada mai ɓawo, wanda mace ma za ta iya ja, da buhun gero, wanda sai ƙarti biyu sun yi nishi, a bakin mai kaya duk buhu ne. Shi ya sa Kabo ya yi wa kansa ma'auni. In ana lodi sai ya dunƙule hannu ya zura tsakanin tayar baya da bodi. In ya shiga, a ci gaba. In ya ƙi shiga, ko kayan waye, a sauke.

'Yan kamasho suka sa masa suna Dunƙule.

"Dunƙule, motar nan fa ba amarya ba ce, ƙara mata biyar!"

"Kai ka ɗauki biyar ɗin a ka, ka biyo ni a baya," in ji shi.

Suna dariya, amma in matansu za su unguwa, motar Dunƙule suke sa su. Abin da ya mallaka kenan a duniya: a ce motar Kabo ba ta taɓa zubar da kowa ba. Ba shi da shanu, gonarsa 'yar ƙarama ce. Wannan sunan shi ne gonarsa.

Akwai wata tsohuwa Baiwa, mai daddawa da kuka. Duk ranar kasuwa ita ce a gaba, kusa da shi, ƙwaryarta a cinya. Wasan jika take yi da shi. "Mijina, taka a hankali, ban gama cin gadonka ba." Ko motoci nawa suka wuce ba ta ɗaga hannu, sai tasa.

Matar Kabo sunanta Naja'atu, 'yar Alhaji Abdulmumin, mai sayen hatsi da kaka ya ɓoye sai ya yi tsada. Kabo yana jin kunyar surukin nan kamar yadda aka koya mana: ba ya kiran sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Alhaji kuwa bai taɓa ɗaukar kaya a motarsa ba, don ya san da maganar dunƙule.

Sai wata bazara hatsi ya tashi a Gaya, motoci suka yi wuya. Da la'asar Naja'atu ta dawo daga gidansu ta ce, "Malam, Baba ya ce ka kai motar ƙofar gida ka bar ta, za a yi lodi da sassafe." Sannan ta ƙara da cewa, "Don girman Allah kada ka kunyata shi a gaban mutane. Kai ma ka san halinsa."

Da safe ya je ya tarar an gama. Tun daga nesa ya ga irin lodin da aka yi. Bayan motar ya zauna, gaban ya ɗaga kamar tana roƙon sama, tayoyin baya sun yi tumbi a ƙasa. Buhunan saman dai gyada ce, ga ƙurajenta nan a jikin buhu. Na ƙasa kuwa sumul suke, a cike tam. Ko makaho ya shafa ya san gero ne.

Alhaji na zaune a tabarma da dattawan unguwa, har da Liman. Kabo ya tuɓe takalmi ya gaida su. Ya tashi ya zagaya bayan mota, hannunsa ya dunƙule da kansa.

"Kabo," in ji Alhaji, da ƙarfi don kowa ya ji. "Ni ma sai an auna ni?"

Dattawa suka yi dariya.

"Gyada ce. Ko ƙarya nake yi?"

"A'a, Baba."

"To ɗaga murya, Liman bai ji ba."

"A'a, Baba."

Hannun nan ya sake shi, ya sa a aljihu. Alhaji ya san Kabo ya sani, Kabo ya san Alhaji ya san ya sani. Amma wane ne zai ce wa uban matarsa maƙaryaci a gaban Liman? Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Baba, rana za ta yi zafi."

"Bazara ce. Da sanyi kake so ta yi?"

Aka sake dariya. Alhaji bai kuma tashi ba sai da aka sha koko, aka yi hira, hantsi ya ɗaga sosai.

Sai ga Baiwa da ƙwaryarta. Kabo ya tare ta da sauri, ya rage murya. "Iya, yau ki bi wata motar."

"Au, mijina, ka yi sabuwa ne? Nuna min ita in ga ko ta fi ni haƙora."

"Iya, don Allah."

"Ni ba na hawa motar kowa. Taka ce ba ta kisa."

Gaba kuwa Alhaji ya riga ya shige, shi da abokin cinikinsa Malam Salihu, sun cika kujera. Masu lodi suka ɗaga tsohuwar nan kamar 'yar tsana suka ɗora ta can ƙololuwar buhuna, tana dariya tana cewa yau ta zama sarauniya.

Kabo ya yi bisimilla ya tayar. Sitiyari ya yi sakayau a hannunsa saboda gaban ba nauyi. Yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Da suka ratsa Ajingi, Kolo ya taso daga rumfarsa da guduma a hannu. "Kabo! Kai ne kuwa? Wannan lodin..." Sai ya hango wanda ke zaune a gaba. Ya haɗiye sauran, ya koma ya zauna.

Kwalta ta ɗau wuta. Taya kuwa in kaya ya danne ta, lanƙwasuwa take yi tana miƙewa, tana zafi daga ciki, ga zafin hanya daga waje. Kabo ya fara jin ƙaurin roba. Ya rage gudu zai sauka gefe ta huce.

"Me kuma?" in ji Alhaji.

"Ko za mu ɗan sha iska, Baba."

"A Gaya ma akwai iska. Dubi, mai amalanke zai wuce mu. Wai wannan aka ba wa 'yata, Malam Salihu. Taka mota, kasuwa ba jiranmu take ba."

Ya taka.

Ba su yi nisa ba tayar baya ta hagu ta fashe kamar bindiga. Motar ta yi wani juyi, ta kwanta a kwari. Ƙafar Kabo ta maƙale a ƙarƙashin sitiyari. Alhaji da abokinsa suka fito ta gilashi, shi Alhaji ko hularsa ba ta yi nisa ba. Buhuna suka fashe, gero ya malale a kan kwalta, rawaya-rawaya har tsallaken hanya. Mutanen ƙauyen kusa suka sheƙo, wasu don taimako, wasu da kwanuka.

Kabo yana ciki yana ihu, "Akwai tsohuwa! Akwai tsohuwa a ƙasa!" Abin da ya jiyo daga waje muryar Alhaji ce: "Ku bi buhunan nan a hankali, kada ku ƙara fasa min. Ke, ajiye kwanon nan!"

Da aka ɗaga buhu na ƙarshe, Baiwa ta riga ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙwaryarta ko tsagewa ba ta yi ba.

Kowa ya ga geron. Rabin mutanen da suka je wurin sun yi tuwo da shi. Amma a zaman makoki, da ɗan Baiwa ya tambayi yadda aka yi, Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ni manomi ne, me na sani a mota? Direba ne ya san motarsa. Ku tambaye shi, ya buɗe baki ya ce min ta yi nauyi? Ga Liman nan. Ya ce?"

Liman ya sunkuyar da kai ya ce bai ce ba.

Shi kenan. Aka yi wa Alhaji jaje, aka ce asarar gero ƙaddara ce. Da aka zo kan Kabo sai aka ce sakaci. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ban taɓa jin malamin da ya ce ana raba ta biyu a ba mai hali rabi mai kyau ba.

Kabo ya yi watanni a gidan mai ɗori. Kolo ya je duba shi ya ce, "Ka yi magana mana! Ni shaida ne, na ga tayoyin." Naja'atu tana bakin ƙofa tana kuka. "Malam, in ka faɗa, ni ina zan sa kaina? Ubana ne." Kabo ya juya fuska bango. Bai faɗa ba, har yau.

Motar, 'yan gwangwan suka kwashe ta. Ƙafa ta warke a sandare. Ko da ta lanƙwasu ma ba mai ba shi mota, an ce ai shi ne ya kashe tsohuwa. Matan da ke jiran motarsa a da, in sun gan shi sai su ja mayafi. 'Yan kamasho kuwa in ya wuce da sandarsa sai su ɗaga masa hannu a dunƙule. "Dunƙule, yau ba a auna?" Kolo ne ya ba shi inuwa da wuƙa da tarin tsofaffin tayoyi.

Ana gab da babbar salla, bara, sai ga Alhaji a gaban wata mota, an yi mata lodi har tana jan ciki. Ya sa aka tsaya, aka wurgo wata taya gaban Kabo. Ashe tun ranar haɗarin ya sa aka haɗa tayar da ta fashe da buhunansa aka kai gida, wai za ta yi amfani. Kabo ya gane ta tun ba ta daina birgima ba. Ga wurin da ta yage, wayoyi a waje.

"A yanka min kwanon ruwa, raguna na ɓarar da na roba. Ka dai iya wannan ko?"

Kabo ya dafa sanda, ya ja ƙafar nan, ya yi iyakar durƙuson da zai iya. "To, Baba."

Da motar ta wuce ya ɗaga tayar zai sa wuƙa, sai wani abu ya zubo daga cikinta. Gero ne, 'yan ƙwayoyi, sun yi baƙi. Kolo ya ce, "Ajiye wannan. Ajiye shi, Kabo, a nuna wa ɗan Baiwa."

Kabo ya dubi ƙwayoyin a tafin hannunsa. Sannan ya watsa wa kajin tasha, ya ɗauki wuƙa. Kwanon ya yi kyau, bakinsa sumul, ko ɗigo ba ya yi. Naja'atu ce ta ɗauka a ka ta kai gidansu.

Allah ya ji ƙan Baiwa, ya sa nauyin da ya danne ta ya zame mata nauyin mizani. Sauran kuma akwai ranar da za a kwance bakin kowane buhu.