Izu Bakwan da Suka Rage wa Abdussamad

Shekara goma sha ɗaya muna rumfa ɗaya da Abdussamad a bakin hanyar Takur, ni ina haɗa kujeru, shi yana kan injin tsaga katako. Mutum ne marar yawan magana. Nakan tsokane shi in ce bakinsa na aro ne, shi ya sa yake tattalinsa. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da awo.

Ɗan gidan malamai ne. Mahaifinsa, Alaramma Babagana, daga wajen Haɗeja ya taso ya zauna a Dutse. Tsohon ya soma rubuta Alƙur'ani da ka, ya kai izu arba'in sai ajali ya cim masa. 'Ya'yansa maza huɗu ne, amma Abdussamad tsohon ya bar wa gafakar takardun, don shi kaɗai ya ɗauko hannunsa. In ka ajiye rubutun ɗan kusa da na uban ba za ka raba su ba. Kullum bayan Asuba yakan zauna da tawada da alƙalamin kara ya yi abin da ya sawwaƙa, sannan ya fito rumfa. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ƙarasa aikin nan da hannunsa. Saura izu bakwai abin ya faru.

Muna da wata ɗabi'a a layin kafintoci wadda yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. In an ɗauke wuta ba ma kashe makunnin inji. Mukan bar shi a kunne mu koma gindin darbejiya, don da an kawo wuta ƙarar injin ce za ta kira mu. Wutar ba ta daɗewa, kowa yana so ya yi aikinsa kafin a sake ɗaukewa. Mu a ganinmu wayo ne.

Ran wata Talata ni ne a kan injin, ina tsaga ƙafafun kujera, aka ɗauke wuta. Wani guntun katako ya maƙale a haƙoran zarton. Na bar shi haka na tafi sayen ƙusa. Abdussamad ya dawo daga sallar Azahar ya ga guntun, shi kuwa ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ya sa hannun dama zai cire, a daidai lokacin aka kawo wuta.

Waɗanda suke wurin sun ce bai yi ihu ba, salati kawai ya yi. Da na dawo na same shi zaune a ƙasa ya naɗe hannun da hularsa. Muka sa shi a adaidaita muka yi asibiti. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma manuniya ta tafi gaba ɗaya, babban yatsa kuma saura rabi.

Bai taɓa tambayar wanda ya bar makunnin ba. Ni na faɗa masa da bakina, ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Ya ce, "Falalu, ko ni ne a kan injin haka zan bar shi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da ciwon ya warke ya dawo rumfa. Hannun ya koyi riƙon guduma, ya koyi riƙon ma'auni, amma alƙalami ya ƙi. Hagu kuwa bai ko gwada ba, a gidansu ba a rubuta maganar Allah da hagu. Sai ya riƙa maƙale alƙalamin tsakanin yatsan tsakiya da dungulmin babban yatsa, yana gwadawa a allo, ya rubuta ya wanke. Takardun Alƙur'anin bai taɓa su ba. Baffansa, ƙanin tsohon, ya ba shi shawara a kai wa Alaramma Umara na Jahun ya ƙarasa, don hannunsa mai kyau ne. Abdussamad ya ce, "Baffa, a ba ni lokaci."

Wata tara yana fama. Wata safiya ya zo rumfa da allon a hammata, ya miƙo mini. Rubutun yana karantuwa, amma haruffan sun watse kamar sawun kaji. Na buɗe baki zan yi masa ƙarya, ya riga ni.

"Ba zan ɗora wannan a kan na Baba ba. In kana da mai a babur, ka kai ni Jahun."

Muka sami Alaramma Umara a zaurensa, tsoho ne mai farin gemu. Bayan gaisuwa Abdussamad ya kwance gafakar ya ajiye a gabansa. Tsohon ya riƙa ɗaga takardun a hankali har ya kai ta ƙarshe. Ya daɗe yana kallonta. Rubutun ya tsaya ne a tsakiyar aya, inda Abdussamad ya ajiye alƙalami ran waccan Talata da niyyar ƙarasawa washegari.

Alaramma ya ce, "Ni ba na kama aya daga tsakiya. Wanda ya buɗe ta shi zai rufe ta."

Abdussamad ya ce, "Allah ya gafarta Malam, hannun ba shi da kyau."

"Na gani. Kalma huɗu ce ta rage."

Ya turo masa tawada. Abdussamad ya durƙusa, ya maƙale alƙalamin yadda ya saba a allo, ya tallafe wuyan hannun da hagu. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, na sa hulata na tare don kada ya faɗa kan takardar. Kalma huɗun nan sun ci mana lokaci har aka kira Azahar. Sun fito a karkace, manya, ba su yi kama da na sama ba.

Da ya sa alamar ƙarshen aya ya hura tawadar har ta bushe. Sannan ya goge bakin alƙalamin da gefen rigarsa, ya miƙa wa Alaramma da hannu biyu.